Karnuka biyu na faɗa a gidan da kike aiki: amsa ga wata 'yar'uwa a Ingila

Wata 'yar'uwa mai aikin kula da tsofaffi a Ingila ta rubuto cewa a gidan dattijuwar da take kwana tana jinya akwai karnuka biyu, dukansu mata. Ɗaya tsohuwa ce da ta daɗe a gidan, ɗayar kuma ƙarama ce da 'yar dattijuwar ta kawo ta bari. Tun zuwan ƙaramar ba a rabu da faɗa ba, musamman lokacin abinci da kuma idan baƙo ya buga ƙofa. Wani abokin aikinta ya ba ta shawarar ta riƙa dukan mai tsokana har su gane ita ce babba a gidan. Tana tsoron cizo, tana kuma tsoron ta kai ƙara a ce ta kasa aiki, alhali bizarta tana rataye da kamfanin da ya ɗauko ta.

'Yar'uwa, ki ajiye shawarar duka gaba ɗaya. A ƙarƙashin dokar jin daɗin dabbobi ta 2006, cutar da dabba ba gaira ba dalili laifi ne a Ingila, kuma tun 2021 hukuncinsa mafi tsanani ya kai ɗaurin shekara 5. Ko da magana ba ta kai kotu ba, ƙorafin iyalan gidan kaɗai na iya raba ki da aiki, kuma kin san idan kamfani ya janye ɗaukar nauyinki, yawanci kwana 60 ake ba mutum ya samo wani ko ya bar ƙasar. Bayan haka, duka ba ya kashe faɗan karnuka, tsoro yake ƙara musu, kuma kare mai tsoro ya fi saurin kai cizo.

Maganar cewa dole sai an tsayar da babba da ƙarami a tsakanin karnuka ta samo asali ne daga binciken da aka yi a kan kyarketai da aka tara a gidan namun daji na Basel, a ƙasar Suwizalan, wanda aka wallafa a 1947. Dabbobi ne da ba su haɗa dangi ba aka kulle su wuri guda, don haka suka yi ta gwabzawa. David Mech, masanin da littafinsa na 1970 ya yaɗa wannan fahimta, shi da kansa ya dawo a 1999 ya bayyana cewa a daji garken kyarketai iyali ne kawai, uwa da uba da 'ya'yansu. Abin da likitocin dabbobi suka fi duba a yau shi ne abin da ake rigima a kansa, wato kwanon abinci, ƙashi, wurin kwanciya, ƙofa mai matsi, ko kusanci da mai gida. A bayaninki kin riga kin ambaci biyu daga ciki, kuma daga nan gyara zai fara.

Ki riƙa ba kowace abincinta a ɗaki daban, ƙofa a rufe, kuma kada ki buɗe sai dukansu sun gama kin ɗauke kwanukan, domin ko kwanon da babu komai a ciki yana iya tayar da faɗa. Ƙashi da kayan wasa kada a bar su a yashe a tsakar ɗaki. Idan kina sa ran ma'aikaciyar jinya ko mai kawo saƙo, ki shigar da ƙaramar wani ɗaki kafin a buga ƙofa, saboda a wannan ɗan lungun na bakin ƙofa, inda kowace ke ɗokin ganin baƙo suna gogar juna, nan ne abin yake ɓarkewa. Ƙaramin shingen nan da ake sa wa yara a bakin matakala yana da amfani ƙwarai, don yana raba su ba tare da an kulle ɗaya a duhu ba.

Ki kuma koyi karanta jikinsu, domin yawanci kare yakan yi gargaɗi kafin ya kai cizo. Za ki ga ɗaya ta tsaya cak, jikinta ya sandare, ta kafe ɗayar da ido, bakinta a rufe, gashin bayanta ya miƙe, sannan leɓe ya ɗage, gurnani ya biyo. A daidai wannan lokacin ki kira ɗaya da murya mai sanyi, ki fitar da ita. Kada ki tsawata wa mai gurnani, domin idan ta koyi cewa gurnani yana jawo mata hukunci, za ta daina gargaɗin ta wuce kai tsaye ga cizo. Idan kuwa sun riga sun kama juna, kada ki sa hannu kusa da wuyansu ko bakinsu, nan ne aka fi cizon masu rabon faɗa. Ki buga wani abu mai ƙara, ko ki watsa musu ruwa, ko ki tura kujera ko faffaɗan katako tsakaninsu, kuma kafin komai ki tabbata dattijuwar tana zaune nesa da su, don faɗuwa ɗaya a shekarunta na iya zama karaya.

Akwai abin da ba ke za ki iya ba. Tsohuwar karya da ta fara zafin rai sau da yawa ciwo ne ke damunta, na gaɓoɓi ko na haƙori, ita kuma ƙaramar, idan tana tsakanin shekara ɗaya da uku, tana lokacin da hali ke sauyawa. Faɗa tsakanin mata biyu kuma ya kan fi muni da wuyar sasantawa. Wannan aikin likitan dabbobi ne da masanin halayyarsu, kuma nauyin kai su da biyan kuɗin yana wuyan masu karnukan. Wani lokaci ma ƙarshen maganar shi ne a mayar da ƙaramar inda ta fito.

Saboda haka nake roƙonki kada tsoro ya sa ki yi shiru. Ki rubuta kowane faɗa a littafin aikinki na yau da kullum, da rana da lokaci da abin da ya jawo shi, sannan ki aika wa shugabarki saƙo a rubuce, ki nemi a zo a duba haɗarin da ke gidan. Dokar lafiya da kariya a wurin aiki ta 1974 ta ɗora wa kamfani alhakin kare ma'aikacinsa, kuma kai rahoton abin da zai iya cutar da wadda kike jinya yana cikin aikinki. Akwai kuma dalili na biyu. Dokar karnuka masu haɗari ta 1991, wadda tun 2014 ta shafi har cikin gida, tana iya kama mai kare da kuma wanda karen ke hannunsa a lokacin da ya raunata mutum. Idan ke kaɗai ce mai ƙarfi a gidan ranar da aka ciji baƙo, rahotannin da kika rubuta tun da wuri su ne za su nuna kin yi gargaɗi.

Ki duba takardar yarjejeniyar aikinki da tsarin kulawar da aka rubuta wa dattijuwar, ki ga ko ciyar da karnuka yana ciki. Idan babu, ki nemi a fayyace a rubuce wanda ke da alhakinsu. Idan kuma tsautsayi ya sa aka cije ki har fata ta fashe, ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu, ki rufe shi da bandeji mai tsabta, ki kira 111, lambar wayar neman shawarar lafiya ta Ingila, a ranar, domin cizon kare, musamman a hannu, yana saurin ruruwa, kuma za a duba ko kina bukatar maganin kashe ƙwayoyin cuta da allurar tetanus. Ki ɗauki hoton raunin, ki sa a shigar da shi cikin rajistar haɗurra ta kamfanin.