Ɗana ya saka VPN don ya tsallake shingen intanet na makaranta, akwai hatsari?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana shekararsa 15. Makarantarsu ta kira ni cewa an kama shi ya saka VPN na kyauta a kwamfutar da suka ba shi, yana buɗe shafukan da aka toshe. Ya rantse min bidiyon darasi kawai yake nema, ya ce VPN ma tsaro yake ƙara masa, kuma duk 'yan ajinsu haka suke yi. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Da gaske babu illa? Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kina da gaskiya da hankalinki bai kwanta ba, sai dai karya dokar makarantar shi ne ƙaramin abin damuwa a nan.

VPN manhaja ce da ke lulluɓe zirga-zirgar intanet ta na'ura, ta bi da ita ta saba, wato wata kwamfutar kamfanin da ke can nesa. Yadda aka kama shi ba abin mamaki ba ne. Mai kula da intanet ɗin makaranta yana ganin na'urar da duk zirga-zirgarta ta koma bi ta saba guda ɗaya, kuma adireshin yawancin waɗannan sabobi sananne ne. Balle kwamfutar tasu ce: manhajar sa ido da ke cikinta tana ganin abin da aka buɗe tun kafin VPN ya lulluɓe shi. Shi kuwa Incognito, tsarin sirri na burauza da yara ke taƙama da shi, tarihin burauza kawai yake ƙin ajiyewa a na'urar, ba ya ɓoye wa makaranta komai.

Maganar da ke ƙona min rai ita ce wai VPN na kyauta tsaro ne. Kullum sai na ji ta, kuma tushenta waɗannan masu kiran kansu masana a TikTok da YouTube, da ke tallata manhajar da ba su san wanda ya ƙirƙire ta ba. VPN ba ya ɓatar da kai, canza mai kallonka kawai yake yi. A da makaranta ce ke ganin inda ɗanki ke zuwa, yanzu wani kamfani ne da ba ki san sunan mai shi ba, ba ki san ƙasar da yake ba. An gudu daga gara an faɗa gidan zago. Kuma saba kuɗi take ci, wuta da data da ma'aikata. Wanda bai karɓi ko kwabo a hannun yaro ba, a ina yake mayar da kuɗinsa? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ba zato nake yi ba. A 2016 masu bincike, ciki har da na hukumar CSIRO ta Ostireliya, sun gwada manhajojin VPN 283 na Android. Kashi 38 cikin ɗari sun nuna alamun mugun kod mai cutar da na'ura, kashi 18 kuwa ba sa ma rufe bayanan da ke bi ta cikinsu, wato sunan VPN kawai suka ara. A 2015 aka gano wata manhajar VPN mai suna Hola tana sayar wa wasu layin intanet na mutanen da ke amfani da ita ba tare da biya ba. Onavo, wata VPN mallakar Facebook, tattara bayanan abin da mutane ke yi a wayoyinsu take yi, har aka fitar da ita daga rumbun Apple a 2018. Mafi muni, a 2024 hukumomin Amurka suka rusa 911 S5, wata ƙatuwar hanyar zamba da ta shafi adireshin IP (lambar da ake gane layin intanet da ita) sama da miliyan 19, kuma ta irin waɗannan VPN na kyauta ta shiga na'urorin mutane. Ma'anarsa, ɗan damfara na aikata laifi, amma adireshin da ke bayyana na gidanki ne, idan kwamfutar tana kan Wi-Fi ɗinku.

Makarantun ma ba zan wanke su ba. Wasu sukan toshe komai da komai don gudun magana, har shafin darasin ilmin halittu, sannan ɗalibi ya nemi a buɗe a ce ya cike takarda ya jira sati biyu. Yaron da jarrabawa ke gabansa ba zai jira ba. Don haka rantsuwar ɗanki tana iya zama gaskiya.

Ki mayar wa makarantar kwamfutar su goge ta su sake saita ta, cire manhajar kaɗai ba ya wadatarwa. Ki duba wayarsa, da wuya a ce bai saka a can ba. Ya canza kalmar sirrin duk asusun da ya shiga a wannan lokacin, ya fara da imel, kuma daga wata na'ura dabam. Sannan ki karɓi sunayen shafukan darasin da yake nema, ki kai wa malaminsa da kanki a buɗe su.