Tun da aka harbe mahaifinsa a gabansa ya koma fitsarin kwance

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗan yayana ne, shekararsa tara. Wata biyar da suka wuce 'yan bindiga suka afka wa ƙauyensu cikin dare, a gabansa aka harbe mahaifinsa. Mahaifiyarsa ta koma gidan iyayenta da ƙananan, shi kuma na ɗauko shi yana wurina a Gusau. Yaron da ya bar fitsarin kwance tun yana ɗan shekara huɗu, yanzu kusan kullum sai ya jiƙa katifa. Da ya ji ƙarar babur sai ya shige ƙarƙashin gado, cikin dare kuma ya farka yana ihu. Ba ya son magana, abu kaɗan sai ya kai wa 'ya'yana duka. Maigidana ya zane shi sau biyu bai daina ba, surukata kuma ta ce iska ce ta shafe shi. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan yayanki, ya ba ki ladan riƙon maraya.

Kafin komai, ki roƙi maigidanki ya ajiye bulala. Ki same shi a keɓe, cikin ladabi, ki nuna masa cewa yaron nan a cikin barci fitsarin yake zubo masa, bai ma san ya yi ba. Komawa fitsarin kwance bayan an daɗe da bari yana cikin alamomin da muka fi gani ga yaran da suka ga tashin hankali. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2013, abin da ta ce a fara yi kan irin wannan fitsarin shi ne a fahimtar da masu riƙon yaro illar hukunta shi. Tsoro ne ya kawo matsalar, duka kuma tsoro yake ƙarawa.

Ga abin da ke faruwa a jikinsa. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe, ƙarami kamar ƙwayar gyaɗa, likitoci na kiransa amigdala. Aikinsa aikin maigadi ne. Da ya hango haɗari sai ya tayar da jiki duka, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, numfashi ya ɗaga, mutum ya shirya gudu ko faɗa. A daren nan maigadin ya yi aikinsa daidai. Matsalar ita ce har yau bai yarda an wuce wurin ba. Hausawa sun riga mu faɗa: wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A kan babura maharan nan suka saba zuwa, saboda haka a kunnensa ƙarar ɗan acaɓa da tasu duk ɗaya ce. Dukan da yake kai wa 'ya'yanki ma daga nan ya fito, jikinsa a ɗane yake kullum kamar tarko. Idan irin waɗannan alamomi suka haura wata guda suna hana yaro rayuwarsa ta yau da kullum, mukan zargi ciwon da ake kira PTSD, wato firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali. Ba zan yanke hukunci ban ga yaron ba, amma bayaninki ya yi kama da shi ƙwarai.

Ina roƙon kada a ce yaro ne, zai manta. Wani babban bincike da aka fara wallafa sakamakonsa a Amurka a 1998, wanda gaba ɗayansa ya shafi manya sama da 17,000, ya gano cewa gwargwadon yawan masifun da mutum ya gani a yarinta, gwargwadon ƙaruwar haɗarin ciwon damuwa, shaye-shaye, har da ciwon zuciya idan ya girma. Amma kuma an sha tabbatar da cewa babban abin da ke kare yaro daga wannan shi ne samun babba ko da guda ɗaya ne, wanda ya tsaya masa bai gaji da shi ba. Ga dukkan alamu ke ce wannan mutumin.

Abin da yake nema a wurinki shi ne ya san yadda gobe za ta kasance. Ki tsayar masa da lokacin cin abinci, na makaranta da na kwanciya, kada su riƙa sauyawa. In za ki fita ki gaya masa inda za ki da lokacin dawowa, kuma ki cika. Ya kwana kusa da ke, a bar masa 'yar fitila. Ki shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanin gado, ya yi fitsari kafin ya kwanta, da safe ku gyara wurin ku biyu ba tare da kowa ya ji ba. Ki ja kunnen 'ya'yanki kan tsokana, shi ma ki riƙe hannunsa a hankali ki ce masa a gidan nan ba a dukan kowa.

Kada ki matsa masa ya ba da labarin daren. In ya ɗauko da kansa, ki bar abin da kike yi ki saurara, ko da ya maimaita sau goma. Za ki iya ganin yana zana bindiga ko yana wasan hari da 'yan gwangwanaye, ki ƙyale shi, da wasa yara suke fitar da abin da baki ya kasa. Akwai kuma magana ɗaya da nake so ki faɗa masa ko bai tambaya ba: ba laifinsa ba ne. Yara masu shekarunsa da yawa suna ɗauke da tunanin cewa da sun yi ihu, ko kuma da ba su ɓuya ba, da ba a kashe mahaifinsu ba. Ki riƙa haɗa shi da mahaifiyarsa a waya, domin a dare ɗaya ya rasa uba, ya rabu da uwa da ƙanne.

Batun surukarki kuwa, ba sai kun yi sa-in-sa ba. Addu'ar kwanciya, karanta Falaƙi da Nasi a shafa masa, duk suna kwantar da hankalin yaro, ku ci gaba. Abin da ba zan amince da shi ba shi ne a kai shi inda za a danne shi, a turara masa hayaƙi ko a doke shi da sunan fitar da aljani.

Wata biyar ya isa a ga likita. Ku fara da gwajin fitsari, domin ciwon mafitsara, ciwon suga da tsargiya duk suna iya kawo fitsarin kwance. Daga nan ki nemi a tura ku sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato yana cikin mafi kusa da ku, akwai irinsa a Barnawa, Kaduna. Zuwa can ba ya nufin hauka. Maganin da ya fi aiki ga yara zama ne na tattaunawa da ƙwararre, mako-mako, tare da mai riƙon yaron. Kada ki saya masa maganin barci a kemis. In kuwa ya fara cewa gara ya mutu ya bi babansa, ko ya daina cin abinci, ko yana ji wa kansa rauni, ranar za ku tafi asibiti, kada a kwana.

Ke ma ɗan'uwa kika rasa. Idan kun je, ki gaya wa likitan yadda naki barcin yake.