Filin Tambaya da Amsa: Littattafan wariyar launin fata, ina ruwanmu da su?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni malamar Turanci ce a wata sakandare a Zariya, ajina uku kuma kowanne cike yake maƙil, ga makin ɗin jarabawa ga lesin not ga hidimar gida, sai dare nake samun ɗan lokacin kaina. A hutun da ya wuce na karanta Americanah na Chimamanda, yanzu kuma na gama The Vanishing Half, duka a kan launin fata suke. Wata abokiyar aikina ta ce ɓata lokaci nake yi wai matsalar Amurkawa ce ba tamu ba. Anti da gaske ne? In ba haka ba wanne zan karanta gaba wanda ba zai cinye min lokaci ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Abokiyar aikinki tana da ɗan gaskiya ta gefe guda, mu nan ɗan sanda ba ya tare mutum a hanya don baƙi ne tunda shi ma baƙin ne, ita kanta Ifemelu ta cikin Americanah (2013) ai sai da ta sauka Amurka sannan ta gane ana kallon ta a matsayin baƙar fata. Amma daga nan na rabu da ita.

Ki tuna garin Mallard na cikin The Vanishing Half, littafin Brit Bennett da ya fito a 2020, ƙauye ne a jihar Luwiziyana ta Amurka na baƙaƙen fata masu haske da suke auren junansu don 'ya'yansu su ƙara haske. Tagwaye Desiree da Stella suka gudu suna da shekara 16, Stella ta rikiɗe ta zama Baturiya ta ɓoye asalinta har ga mijinta da 'yarta, ita kuma Desiree ta dawo gida da 'yarta Jude baƙa wuluk, garin nan suka sa yarinyar a gaba da tsangwama. To Malama don Allah wannan baƙon abu ne a wajenmu? Mu da muke cewa farar mace alkyabbar mata, mu da in an zo ganin jaririya wata sai ta murɗa kunnenta ta duba wai ko za ta yi duhu, ga man bilicin da 'yan mata ke shafawa har gaɓoɓin yatsu su yi baƙi fuska ta yi ja. Na tabbata a ajinki akwai yarinyar da ake tsokana da baƙinta kuma tana dariya ne kawai don ba yadda za ta yi. Malamar da ta karanta labarin Jude ba za ta ji wannan tsokanar ta wuce ba.

Wanda nake so ki ɗauka gaba shi ne The Nickel Boys na Colson Whitehead, 2019, ya ci kyautar Pulitzer, babbar kyautar adabi ta Amurka, a 2020, kuma bai kai shafi 250 ba. Labarin Elwood ne, yaro mai ƙwazo da kakarsa ta rena a Florida a shekarun 1960, malaminsa ne ma ya samo masa damar zuwa kwaleji kyauta, ranar da zai fara zuwa ya roƙi wani ya rage masa hanya ashe motar sata ce, shikenan aka tura shi gidan gyaran hali. Marubucin ya gina labarin ne a kan makarantar Dozier ta gaske, wadda aka buɗe a 1900 aka rufe a 2011, daga baya masu bincike suka tono kaburburan yara da ba a sa musu ko alama ba. Ga malami wannan littafin yana da nauyi sosai, saboda duka da wulaƙancin da ke ciki da sunan tarbiyya ake yin su, kuma mun san irin gidajen marin da aka bankaɗo a Kaduna da wasu garuruwa a 2019.

In kuma lokacin ne ya fi matse ki to Homegoing na Yaa Gyasi (2016) ya fi dacewa, babi 14 ne kowane babi da mutuminsa kamar gajeren labari, kina iya karanta ɗaya bayan isha'i ki ajiye. Daga Ghana ya faro, 'yan uwa mata biyu, Effia ta auri Bature tana zaune a saman gidan bayi na Cape Coast, Esi kuma tana kurkukun ƙasan gidan ana jiran jirgin da zai kai ta Amurka, kuma littafin bai ɓoye hannun 'yan Afirka a cinikin ba.

Abu ɗaya dai, duka akwai wuraren da ba na yara ba ne, in za ki kai wani ɓangare aji ki zaɓi shafukan da kanki, kar ki miƙa wa 'yan JSS littafin gaba ɗaya.