Tambayoyinku: Rajistar Ɗalibai, CSV da Access

Tambaya daga wata 'yar kasuwa a Kusiri: An turo min lissafin kaya a fayil ɗin CSV, da na buɗe a Excel komai ya cunkushe a shafi guda.

Amsa: Hajiya, CSV fayil ne na rubutu zalla da ake raba bayanansa da alama. Excel ɗinki na Faransanci ne, waƙafi mai ɗigo (;) yake jira ya raba bayanai, fayil ɗin kuwa da waƙafi zalla (,) aka raba shi. Shigo da shi ta maɓallin Données da ke saman Excel, ki zaɓi Virgule (waƙafi) da tsarin haruffa na UTF-8 don kada ƙ da ɗ su rikiɗe.

Tambaya daga wani malamin Islamiyya a Marwa: A Word nake rubuta sunayen ɗalibai da kuɗin wata, duk shekara in kwafi fayil ɗin bara. Yanzu yaro ɗaya ya fito sau uku, lissafi ya ƙi daidaita.

Amsa: Malam, kai da ke hana yara satar amsa, ga ka kana kwafar ta bara! Wannan abu yana ci min rai ƙwarai. Word na wasiƙa ne. Yau ka rubuta Oumarou, gobe mataimakinka ya rubuta Umaru, jibi Oumar, kwamfuta kuwa yara uku take gani. Ranar da uba ya zo da rasit, kai za ka ji kunya.

Ka ba kowane yaro lamba ɗaya da ba ta canzawa har ya sauke. Yi tebur na ɗalibai: lamba, suna, aji, wayar uba. Yi wani na biya: lambar yaro, rana, sefa nawa. A wuri guda kaɗai ake rubuta suna, lambar ce ke haɗa teburan. Ni manhajar rumbun bayanai ta LibreOffice Base nake so don wannan aiki, kyauta ne kuma ba ya buƙatar intanet, sai dai ka sa masa manhajar Java da yake dogara da ita. Excel zai riƙe ka na ɗan lokaci, amma ba rumbun bayanai ba ne. A 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta tsallake sakamakon masu korona kusan 16,000 saboda tsohon tsarin fayil na Excel, wato XLS, da ba ya wuce layi 65,536. Kuma don Allah, kowace Alhamis ka kwafi rumbun a filashi biyu, ɗaya ya kwana a gida.

Tambaya daga wani ɗalibi a Garwa: Zan iya sa Access a wayata?

Amsa: A'a ƙanena, Access, wato manhajar rumbun bayanai ta Microsoft, na kwamfuta mai Windows ne kawai. Google Sheets zai ishe ka a waya.