Fatawa: Mai ciki da ciwon suga, tsakanin maganar likita da maganar gida

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matar aure ce a Agege, cikina na huɗu ke nan, wata bakwai. A wurin awo aka ba ni ruwan suga na sha, aka ɗebi jinina sau uku, aka ce ina da ciwon suga na masu juna biyu. An hana ni burodi da lemon kwalba, na kiyaye, amma suga bai sauka ba, sai likita ta rubuta mini allurar insulin. Ta ce kada in yi azumin bana, kuma idan na kai sati 39 ban haihu ba za a sa mini ruwan naƙuda, in yaron ya yi girma da yawa sai an yi mini aiki. Uwar mijina ta ce in bar allura in koma zuma da dabino, tunda su Alƙur'ani ya ambata. Maigidana ya ce ranar haihuwa Allah ke yanke ta, ba likita ba. Wata maƙwabciya kuma ta ce da alade ake yin insulin. Me shari'a ta ce?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sauke ki lafiya, 'yar'uwa.

Bin likita a wannan hali wajibi ne a kanki, domin rai biyu ne a hannunki, kuma ɗayan bai da bakin da zai kare kansa. Hukunci yana biyo bayan sanin abin da ake hukunci a kai, don haka mu fara da ciwon. Mabiyiya tana fitar da wasu sinadarai da ke rage ƙarfin insulin ɗin jikin uwa, wato sinadarin da ke sauke suga a jini, shi ya sa ake gwajin tsakanin sati 24 zuwa 28. Sugan da ya taru a jininki yana tsallakawa wurin yaro, ya yi ƙiba fiye da kima. Daga nan ake samun kafaɗa ta maƙale bayan kai ya fito, ko sugan jariri ya faɗi bayan an yanke cibiya, ita kuma uwa ta fi kusa da hawan jini da jijjiga. Cutarwa ce da masana suka tabbatar, kuma ƙa'idar da Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa ita ce babu cuta babu cutarwa.

Maganar Hajiya uwar mijinki daga ƙauna ta fito, kada ki ɗaga mata murya. Gaskiya ne Suratun Nahli aya ta 69 ta ce a cikin zuma akwai waraka ga mutane, kuma a Suratu Maryam an umarci Nana Maryamu ta girgiza dabino ta ci lokacin haihuwa. Sai dai Alƙurɗubi ya kawo a tafsirinsa maganar malaman da suka ce ayar ba ta nufin zuma maganin kowace cuta ce ga kowane mutum. Zuma da dabino zaƙi ne, suna ɗaga suga a jini kamar yadda sukarin shayi ke yi. Wanda gobara ta kama ɗakinsa ba ya watsa mata man zaitun don an ce mai albarka ne. Addu'a da ruƙya ki riƙe su da kyau, ba sa karo da allura. Annabi (SAW) da kansa ya ce bayin Allah su nemi magani, a hadisin Usama bin Sharik da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito.

Abincin da aka hana ki ba haramun ba ne a asalinsa. Burodin Agege halal ne, teba halal ce, haka masa da kunun zaƙi da zoɓo mai suga. Amma halal idan ya tabbata yana cutar da wani mutum na musamman, shi wannan mutumin an hana shi gwargwadon cutarwar. Kuma ba a ce ki zauna da yunwa ba, yunwa ma illa ce ga mai ciki. A rage malmalar tuwo ta koma kamar dunƙulen hannunki, a yawaita miyar kuka ko kuɓewa ko lalo, a haɗa da wake, alale, ƙwai, kifi, zogale. A ci kaɗan-kaɗan sau da yawa maimakon a cika kwano sau biyu, a ɗan taka ƙafa bayan cin abinci. Likitoci galibi suna son sugan safe kafin karin kumallo ya zauna ƙasa da 95 a na'urar awon suga (mg/dL), bayan awa biyu da cin abinci kuma ƙasa da 120, sai dai lambar da likitarki ta ba ki ita za ki bi. A nan ina magana da maigida: wannan cefanen yana cikin ciyarwar da ta wajaba a kansa. Kayan miya da ganye suna nan jibge a kasuwar Mile 12. Kada a hana mace burodi sannan a ajiye mata shi kaɗai a gida.

Batun alade, maƙwabciyarki ta riƙe tsohon labari. Bayan gano insulin a Toronto a 1921, an daɗe ana ciro shi daga jikin shanu da aladu. Tun 1982 aka fara sayar da wanda ake haɗawa a ɗakin gwaji ta hanyar ƙwayoyin halitta, irin na jikin ɗan Adam, kuma shi ne ya mamaye kasuwa yanzu. Halal ne, kuma kusan ba ya tsallaka mabiyiya zuwa ga yaro. Ko da a ce babu sai na alade, lalura ta halatta shi da nassin aya ta 173 a Baƙara. Abin da ya fi wannan damuna shi ne ajiya, ganin yadda wuta take a Legas: zafi yana kashe ƙarfinsa. In babu firiji, a sa shi cikin leda a ɗaure, a ajiye a jikin randa mai sanyi, nesa da rana, a kuma tambayi mai ba da magani kwana nawa kwalbar da aka buɗe take yi.

Azumi kuwa, ki sha, zuciyarki a kwance. Ibnu Abi Zaid ya ce a Risala mai ciki idan ta ji wa abin da ke cikinta tsoro ta sha azumi, ba ta ciyarwa, ya kuma ambaci cewa wasu sun ce ta ciyar. Mashhurin mazhabarmu ta Malik ramuwa ce kawai. Shehu Khalil ya ƙara da cewa shan azumin yana zama wajibi idan ana tsoron halaka ko cutuwa mai tsanani. Ke kin haɗa uzuri biyu, ciki da rashin lafiya, don haka ko a wurin Shafi'iyya da Hanbaliyya, masu ɗora ciyarwa a kan wadda ta sha don yaro kaɗai, ramuwa ta wadatar miki. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Sharja a 2009, ta sa mai ciki da ciwon suga cikin waɗanda azumi ke da babban haɗari a kansu. Allurar da kanta ba ta karya azumi, haka ɗigon jinin da ake ɗiba a yatsa. Haɗarin shi ne suga ya faɗi da rana, ya yi tsalle bayan buɗa-baki. Na san mata suna jin nauyin a gan su suna ci a Ramadan, musamman a gidan haya mai tsakar gida ɗaya. Ki ci a ɗakinki.

Saura maganar maigida, kuma rabinta gaskiya ce. Babu jaririn da zai fito sai ranar da Allah ya rubuta. Amma wa ya ce ruwan naƙuda yana wajen abin da aka rubuta? Lokacin da Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Labarin yana Bukhari da Muslim. Tayar da naƙuda a sati 39 ga wadda ke kan magani abu ne sananne a wurin likitocin mata, domin jira bayan nan yana ƙara girman yaro da haɗarin ya mutu a ciki. Tiyata ma akan kawo maganarta idan hoton ciki ya nuna nauyinsa ya kai wajen kilo 4.5. Ya halatta, kuma idan ƙwararriyar likita amintacciya ta ce barinsa haɗari ne, ya zama wajibi. Miji yana da haƙƙin a yi shawara da shi, yana da damar neman ra'ayin likita na biyu, ga asibitocin koyarwa a Idi Araba da Ikeja. Ba shi da haƙƙin hana abin da zai ceci rai. Idan ba a sami likita mace ba, namiji ya halatta gwargwadon buƙata.

Kada ki yarda da haihuwar gida a wannan cikin, ko da ukun farko a ɗaki kika haife su. Wanda ya san gosulon Legas ya san ba a jiran sai abu ya ɓaci a nemi mota. A tanadi kuɗi da mai ba da jini tun yanzu. Da an haihu a sa jariri a nono nan take, kada a matse dakashi a zubar, shi ne ke riƙe masa suga a awannin farko. Kada a ba shi zuma sai ya shekara. Galibi ciwon yana tafiya da fitar mabiyiya, amma ki koma gwaji tsakanin sati 6 zuwa 12, ki kuma sassauta wa kunun jego suga, domin wadda ta yi shi da ciki ta fi saurin kamuwa da na dindindin.

Jinin da ya zo bayan tiyata biƙi ne, hukuncinsa ɗaya da na haihuwar da aka saba, iyakarsa kwana 60 a mazhabar Malik. Ramuwar azumi sai kin yi tsarki kin samu ƙarfi. Idan wani Ramadan ya riske ki kina shayarwa, wannan mas'ala ce daban, domin mai shayarwa tana ramawa kuma tana ciyarwa, ki sake aiko da tambaya a lokacin.

Wallahu a'alam.