Amsar tambayarka kan mayar wa dagaci magana

Ɗana, ka tambaye ni ko al'ada ta hana talaka musa wa dagaci, tunda ana ta zarginka don ka ce masa "to sai me?" a zaman rikicin iyakar gonarku. Ba ta hana ba. Yadda ka faɗa ne ya ɓata maka.

Dagaci ba shi kaɗai yake zaune ba. Mai unguwa na gefensa, dattawa na kallo, gobe kuma hakimi zai ji yadda aka tashi. Da ka katse shi, ka yi tsaki, ka miƙe kana nuna shi da yatsa, sai kowa ya manta da gona ya koma kan rashin kunyarka. Ko ya gane gaskiyarka, janyewa ta yi masa wuya, don za a ce yaro ya tanƙwara shi. Dattijon da ya zo da niyyar yi maka shaida ma sai ya kama bakinsa.

Mai ƙorafi takalmi yake cirewa, ya tsuguna, ya gaida, ya bari a kai aya. Sannan ya ce: "Ranka ya daɗe, na ji, amma ina da magana in an ba ni izini." Ba ya cewa "ƙarya ne", sai dai "ba haka na sani ba". Ya kawo hujjarsa: itacen da ke kan iyaka, jerin gambar da aka dasa, maƙwabtan da suka ga rabon gado. In bai gamsu ba, ya nemi a kai su gaban hakimi, ko ya tafi kotu. Wannan haƙƙinsa ne, ba raini ba.

Kada ka ɗauka ladabi tsoro ne. A Magami, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ƙi karɓar kyautar Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo, ya nemi abu biyar a madadinta, ciki har da sakin fursunoni da sassauta wa talakawa haraji, ba tare da ya zage shi ba. Ko Fir'auna, cewa aka yi Annabi Musa da Haruna su yi masa magana mai taushi.

Yanzu kada ka bari ta kwana da yawa. Nemi baffanka ko liman ya raka ka da sassafe, kafin zaure ya cika. Shi zai fara magana, kai ka ce "na tuba" kan kalmar da ka faɗa kawai. Batun gona ka bar shi sai an sake sa rana.