Amsa kan durƙuso, sakan ɗaya da rigimar kyautar Heisman

Ƙanina, na ga tambayarka tun shekaranjiya, na bari sai na samu sarari don ba amsar layi biyu ba ce. Ka ce ka kalli ƙwallon Amurka ta jami'o'i, ƙungiyar da ke gaba da maki uku, saura minti ɗaya a tashi, sai mai jefa musu ƙwallo ya karɓa ya durƙusa, 'yan kallo kuma suna ta tafi. Ka tambaya ko wannan ba ragwanci ba ne. Ka kuma tambaya, wasan da aka ci a sakan na ƙarshe iyawa ce ko sa'a, kuma don me ake auna gwarzon shekara da irin wannan.

Ni ma haka na fara. Karatu ya kawo ni jihar Nebraska a 2008, wurin da ba su da wata babbar ƙungiya sai ta jami'arsu, ranar Asabar gari gaba ɗaya ya koma ja. Ranar da na fara ganin durƙuson nan dariya na yi, na ce wa maƙwabcina, wani dattijo Bature da ke gyaran injin ɗumama ɗaki, a wurinmu ko mai ɓata lokaci a kwana yana ɗan taɓa ƙwallo don kunya. Bai ce komai ba, ya jawo bayan ambulan ya yi mini lissafi.

Agogo biyu ne a filin. Akwai na wasa, zango huɗu, kowanne minti 15. Akwai kuma ƙaramin da ke ba masu riƙe da ƙwallo sakan 40 tsakanin yunƙuri da yunƙuri (ana ba su yunƙuri huɗu su ci yadi goma gaba, in sun ci a ba su sabbin huɗu). Idan aka kayar da mai ƙwallo a cikin fili, babban agogo bai tsayawa. Idan aka jefa ba a cafe ba, sai ya tsaya cak, haka ma idan mai ƙwallo ya fita layi a mintuna biyun ƙarshe. Kowace ƙungiya tana da damar tsayar da agogo sau uku kafin hutun rabin lokaci, sau uku bayansa. To ka ga, idan kana gaba, kana da sabbin yunƙuri huɗu a hannu, abokan karawarka kuma sun ƙone damarsu duka, durƙuso uku zai cinye maka kusan minti biyu ba wanda ya taɓa ka. Kowace dama ɗaya da suka rage tana ƙwace maka sakan 40 daga lissafin. Shi ke nan. Ɗan firamare zai iya, amma ka ga koci mai albashin miliyoyin dala ya rikice a kansa idan mutum dubu tamanin suna ihu.

Ga abin da ƙin durƙuso ke jawowa. Ran 7 ga Oktoba 2023, Miami tana gaban Georgia Tech 20 da 17, saura sakan talatin da 'yan kai, Georgia Tech ba ta da sauran damar tsayar da agogo. Gwiwa ɗaya a ƙasa, kowa ya kama hanyar gida. Koci Mario Cristobal ya bari aka miƙa wa Don Chaney ya ruga, ƙwallo ta kuɓuce, Georgia Tech ta ɗauka, Haynes King ya wurga wa Christian Leary jifan yadi 44, aka tashi 23 da 20. Magoya bayan Miami sun yi ta rantsuwa gwiwar hannun Chaney ta riga ta taɓa ƙasa kafin ƙwallon ta fita, wataƙila ma da gaskiyarsu. Amma wa ya kai maganar gaban alƙali tun farko? Abin da ya fi ba ni haushi, irin wannan ta taɓa cin mutumin nan a 2018 yana kocin Oregon, aka ruga da ƙwallo a ƙarshen wasa ta kuɓuce, Stanford ta farke ta kuma ci su a ƙarin lokaci. Wannan ba na kiransa rashin sa'a. Ka bar ƙofa a buɗe, akuya ta shiga ta ci dawa, kada ka ce tsautsayi.

Amma wasan da ya koya mini abin sosai, wanda kuma ya haɗa tambayoyinka duka uku, shi ne na 5 ga Disamba 2009, wasan ƙarshe na rukunin Big 12 a Arlington, Texas da Nebraska. A falon dattijon nan na kalla, mu bakwai, matarsa ta dafa wake da nama mai barkono, ta ware mini tukunyata daban saboda ta san ba na cin alade. Ba a ci Texas ko sau ɗaya ba a kakar, tana cin wannan sai wasan kofin ƙasa. Kwatabak ɗinta, wato mai jefa ƙwallo kuma jagoran hari, Colt McCoy, yana cikin waɗanda ake sa ran za su ɗauki Heisman, kyautar gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara. Nebraska kuwa harinta ba ya kashe ko kiyashi, makinta 12 duka da ƙafar Alex Henery aka samo su, bugu huɗu tsakanin sanduna, kowanne maki uku. Abin da take da shi mutum ɗaya ne a tsakiyar tsaro, Ndamukong Suh.

Ban taɓa ganin mutum ɗaya ya hana sha ɗaya sakat irin daren nan ba. Su sa masa mutum biyu, ya tsaga su kamar an ja labule. Sau huɗu da rabi aka rubuta masa kayar da McCoy kafin ya jefa (rabin yana nufin su biyu suka haɗu a kai), akwai ma wanda ya yi wurgi da shi kamar buhun ƙaiƙayi. Matar gidan, wadda ba ta damu da wasan ba, ta bar kicin ta zo ta tsaya da ludayi a hannu.

Saura minti ɗaya da sakan 44 Nebraska ta shiga gaba, 12 da 10. Daga nan ka lura da abin da mutane suka manta. Bugun da Nebraska ta yi don mayar da ƙwallo ya fita ta gefe, doka ta ba Texas farawa daga yadi 40. Sannan aka cafe jifa, mai tsaron Nebraska ya finciko mutumin ta wuyan riga, aka ƙara wa Texas yadi 15 kyauta. Kafin ka ce kwabo sun isa inda mai bugu zai iya kaiwa. Sai Texas ta yi tata wautar. Tana da sauran dama ɗaya ta tsayar da agogo, koci Mack Brown bai kira ba, McCoy ya karɓi ƙwallo yana gangarawa dama kamar mai zuwa siyan goro, Suh ya biyo shi, McCoy ya ɗaga ta ya wurga waje. Agogo ya nuna sifili. 'Yan Nebraska suka kwararo cikin fili, dattijon nan ya rungume ni har tabarau ɗina ya faɗi. Sai alƙalai suka ce a dakata. Aka duba bidiyo, aka ce ƙwallon ta bugi wani abu a waje saura sakan ɗaya. Hunter Lawrence ya buga daga yadi 46, ta shiga, 13 da 12. Falon ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar firiji.

To ƙanina, wa ya iya, wa ya yi sa'a? Texas ta yi wasa da agogo, sa'a ta rufa mata asiri. Da jifan ya ƙara tsawo kaɗan, da har yau ana zagin McCoy da kocinsa, da kuma Cincinnati ko TCU (jami'ar Texas Christian), waɗanda su ma ba a ci su ba, ɗaya ta samu gurbin kofin ƙasa. Nebraska kuma ta fi son maganar sakan ɗayan, don ta fi daɗin faɗa a kan bugun da ya fita layi da jan wuyan riga. Na faɗa wa maƙwabcina haka bayan mako guda, kwana biyu bai amsa gaisuwata da kyau ba.

Kada ka ce kuma duk wanda aka ci a ƙarshe wawa ne. A 2013 Alabama da Auburn suna 28 da 28, agogo ya ƙare, kocin Alabama Nick Saban ya dage aka duba aka mayar masa da sakan ɗaya. Ya sa a gwada bugu daga yadi 57, ƙwallo ba ta kai ba, Chris Davis na Auburn ya cafe ta a can ƙurya ya ruga da ita tsawon fili, 34 da 28. Neman sakan ɗin ba laifi ba ne, kowa zai nema. Inda ake iya kama shi, waɗanda ya bari a fili ƙatti ne masu tare hanya, ba masu iya bin mai gudu ba. Sa'a zalla kuwa ita ce ta mako biyu kafin nan, da Auburn ɗin ta wurga ƙwallon yanke ƙauna, masu tsaron Georgia biyu suka yi karo a kanta ta yi tsalle ta faɗa hannun Ricardo Louis. Wannan babu kocin da ya tsara, rabo ne kawai.

Sai kyautar. Heisman tun 1935 ake bayar da ita. 'Yan jarida 870 ne ke zaɓe, da tsofaffin da suka taɓa ci, da ƙuri'a ɗaya ta jama'a. Kowa ya rubuta suna uku, na farko maki uku, na biyu biyu, na uku ɗaya. A 2009 ɗin Mark Ingram na Alabama ya ci, da ratar maki 28 kacal tsakaninsa da Toby Gerhart na Stanford, ba a taɓa yin kusa haka ba. McCoy na uku, Suh na huɗu. Ka ji fa, wanda aka yini ana jifa da shi ya zo gaban wanda ya yi jifan.

Ba na raina Ingram. A ranar da muke kuka a falo, shi ya shiga gidan Florida sau uku, Alabama ta ci 32 da 13. Amma mako guda kafin nan Auburn ta tsare shi a yadi 30, ba wanda ya tuna saboda ƙungiyarsa ta tsira. Gerhart ya fi shi yawan yadi da yawan ci, laifinsa Stanford ta sha kashi sau huɗu. Ga kuma masu zaɓen da suke aika takardarsu tun kafin wasannin ƙarshe, wato wasu ba su ma jira sun ga daren Suh ba. Na yi imani da sakan ɗin nan bai dawo ba, hoton da za a yi ta nunawa shi ne Suh yana korar McCoy har agogo ya mutu, kuma da ƙuri'u da yawa sun juya. Alhali shi Suh babu abin da ya ragu ko ya ƙaru a wasansa saboda wani ya buga ƙwallo ta shiga yana tsaye. Rigimar Ballon d'Or da kuke yi a nan kullum, a ce wane ya ɗauki kofi don haka shi ne gwani, ita ce dai ta sauya riga.

Mai tsaro kuwa sai ya haɗa da wata sana'ar kafin a dube shi. Charles Woodson da ya doke Peyton Manning a 1997 yana taɓa hari yana kuma dawo da bugu. Travis Hunter na 2024 kusan ba ya fita fili, tsaro da hari duka. Suh ya kwashe kyaututtukan masu tsaro, kamfanin dillancin labarai na AP ma ya ba shi gwarzon shekara, amma babbar ta wuce shi.

Idan za ka kalli na wannan Asabar, daga saura minti huɗu ka daina bin ƙwallo da ido. Dubi 'yan sandunan nan uku da ke ƙarƙashin sunan kowace ƙungiya a allo, su ne damar tsayar da agogo da ta rage, ka yi lissafin arba'in arba'in da kanka, ka yanke abin da za ka yi kafin koci ya yi nasa. Ka sani kuma sun taɓa dokar, tun 2023 agogo ba ya tsayawa don an ci sabbin yadi goma sai a mintuna biyun ƙarshe na kowane rabi, a 2024 kuma suka ƙara hutu idan saura minti biyu, don haka tsofaffin bidiyon da za ka gani lissafinsu ya ɗan bambanta.

Af, Texas ta je wasan kofin ƙasar. McCoy ya ji ciwo a kafaɗa tun farkon wasa, Alabama ta ci 37 da 21. Dattijon nan ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da sassafe, cikin ƙanƙara, don kawai ya tambaye ni ko na kalla.